Babi na Bakwai: Kyamarar da Ta Dace da Mai Tafiyar Keke

Tunda kusan kowa na da waya a aljihu, kuma kowace waya tana ɗaukar hoto, me mai tafiyar keke zai yi da kyamara? Wannan tambaya ce ake fara yi a Zongon Kumasi da zarar an kawo maganar kayan tafiya, ko tafiyar ta wuni ɗaya ce zuwa tafkin Bosomtwe, ko ta kwanaki ce zuwa Salaga da Tamale. Masu tambayar suna da hujja, domin kasuwar duniya ma ra'ayinsu ta bi. A shekarar 2010 kamfanonin ƙera kyamara, waɗanda yawancinsu na Japan ne, sun fitar da sama da miliyan 120, amma zuwa 2020 adadin bai kai miliyan 10 ba, kuma ƙananan kyamarorin aljihu ne suka fi shan kashi. Sai dai abin da ya ishi mazaunin gari ba lallai ne ya ishi wanda zai wuni a kan sirdi ba.

Inda waya ke gazawa

Wanda zai je Bonwire ya ga masaƙan kente ya dawo kafin magariba, wayarsa ta ishe shi. Matsala tana farawa ne idan tafiya ta kwana. A hanya waya ce taswira, ita ce asusun kuɗi na MoMo, ita ce tocila, kuma da ita ake shaida wa mutanen gida cewa an sauka lafiya. Kowane hoto da kowane bidiyo yana cin cajin da waɗannan ayyuka ke jira. Idan kuwa ta suɓuce daga hannu mai gumi ta faɗi a kwalta, an yi asararsu gaba ɗaya a wuri guda.

Akwai kuma girgiza. A 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa ɗaure waya a jikin babur mai ƙarfin inji yana iya lalata kyamararta. Keke ba shi da inji, amma wayar da aka ɗaure a kan keke aka wuni da ita a hanyar gargada ba ta hutawa. Ga shi kuma allon waya ba ya jin yatsa mai laima, ba ya kuma ganuwa sosai a ranar tsaka.

Babban gibin shi ne jawo abu na nesa. Masuntan Bosomtwe ba sa shiga kwalekwale. A kan guntun katako suke zama suna tuƙi da hannu, can nesa da gaɓa. Waya mai matsakaicin kuɗi za ta nuna su kamar ɗigo a kan ruwa, in kuma aka matsa mata sai hoton ya dagule. Ƙaramar kyamara mai zum na gaske za ta fito da mutumin da ragarsa.

Abin da hanya ke yi wa kyamara

Kafin a dubi kyamara a kanti, a fara duba hanyar da za ta bi. Tsohuwar hanyar fataken goro tana nan: daga Kumasi a hau tudun Mampong, a bi ta Ejura da Atebubu zuwa Yeji, a shiga jirgin fito a ƙetare Volta zuwa Makango, sannan a kama hanyar Salaga. Ɗaya hanyar ita ce babban titin Techiman da Kintampo, wanda ke kai mutum Tamale bayan kilomita kusan 380. Kowacce aka bi, kyamara za ta gamu da ƙura da ruwa da gumi da jijjiga.

Ƙura ce mafi sharri. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana sauko da buji mai laushi kamar gari, ga kuma jar ƙasar da manyan motoci ke tayarwa duk inda kwalta ta ƙare. Yawancin kyamarorin aljihu suna da ido mai fitowa idan an kunna, ya koma idan an kashe. Wannan shiga da fita tana zuƙar iska, iska kuwa tana tafe da ƙura. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin haƙoran da ke tura idon ta isa ta sa ya maƙale a rabi, kyamara ta rubuta saƙon matsala a allo ta mutu. Wannan ciwo yana yawan kashe ƙananan kyamarori, kuma sau da yawa kuɗin gyaransa yana kusa da kuɗin sayen wata.

Ruwa yana zuwa sau biyu a shekara a ƙasar Asante, babbar damina daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma hadarin yamma ba ya sallama. Gumi ya fi ruwan sama ɓarna, saboda gishirinsa yana cin ƙarfen ramin caji da ƙasan maɓallai a hankali ba tare da an lura ba. Ita kuwa jijjiga kwance ƙananan kusoshi take yi, tana kuma gajiyar da ƙofar batir.

Lambobin da ke kan kwali

Mai kanti yakan fara da megafiksel, domin ita ce lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Ita ce kuma mafi ƙarancin amfani ga mai saye. Hoton da za a wanke a girman takardar A4 megafiksel 9 sun ishe shi, wanda za a tura ta WhatsApp kuwa bai ma kai nan ba. Duk kyamarar da ta kai 12 ta wadatar, kuma wadda aka rubuta wa 20 ba ta fi ta don wannan kaɗai ba. A kasuwa ma akwai wasu marasa suna da ake rubuta wa 44 ko 48, alhali hotonsu bai kai na tsohuwar waya ba. Waɗannan a bar su inda aka gan su.

Abin da ke raba hoto mai kyau da marar kyau shi ne girman sensa, wato ɗan farantin da ke bayan ido yana karɓar haske. Misalinsa misalin tarar ruwan sama ne: wanda ya ajiye baho a ƙarƙashin indararo da wanda ya ajiye kofi ba za su tashi da ruwa ɗaya ba, ko da minti ɗaya suka jira. Yawancin kyamarori masu araha suna da sensa mai faɗin kusan milimita 6 da tsawon 4 da rabi, wadda ake rubutawa 1/2.3. Wadda ake kira ta inci ɗaya tana da milimita 13.2 da 8.8, kusan ninki huɗu ke nan. Da rana tsaka bambancin ba ya fitowa sosai. Yana fitowa ne da asuba, da bayan la'asar sakaliya, da cikin rumfar kasuwa, da ƙarƙashin inuwar dajin koko, inda ƙaramar sensa ke fitar da hoto mai tsakuwa-tsakuwa.

Zum iri biyu ne. Akwai na gilashi, inda idon kyamara ke motsi da gaske, akwai kuma na dijital, wanda yanke tsakiyar hoto kawai yake yi ya kumbura shi. Na farkon kaɗai ake lissafawa. Ga yawancin tafiye-tafiye ninki 4 zuwa 8 ya isa. Mai niyyar zuwa gandun dajin Mole don giwaye, ko Boabeng-Fiema don birai, shi ne zai amfana da ninki 20 ko 30, amma ya sani cewa duk yadda zum ya yi tsawo haka rawar hannu ke ƙaruwa a hoto, hannun da ya wuni riƙe da kan keke kuwa ba ya tsayawa cak. Saboda haka dogon zum ba shi da amfani sai tare da na'urar hana rawa ta cikin gilashi. Canon na rubuta mata IS, Nikon VR, Panasonic OIS, Sony kuma SteadyShot.

Akwai wata lamba da ba a cika kula da ita ba, ita ce faɗin abin da ido ke ɗauka kafin a taɓa zum. Idan an ga 24 ko 25 ko 28, kyamarar za ta ɗauke masallacin Larabanga gaba ɗaya ba sai an ja da baya har cikin gidan mutane ba, za ta kuma haɗa keke da hanya da sararin sama a hoto guda. Tsofaffin kyamarori da yawa daga 35 ko 38 suke farawa, kuma mai tafiya zai ji ƙuncinsu tun ranar farko.

Batir da caji

Kamfanoni suna rubuta adadin hotunan da caji ɗaya zai ɗauka, kuma a ƙananan kyamarori yakan kama daga 200 zuwa 350. Lissafin sabon batir ne wannan. Tsohon da ya shekara biyar a aljihun tebur ba zai kai ba. Ga mai kwana a ƙauye, ko wanda ya iske an ɗauke wuta a masaukinsa, yadda ake cajin ya fi adadin muhimmanci.

Hanyoyin uku ne. Wasu kyamarori ana cire batirinsu a sa a caja ta musamman da ke buƙatar soket, kamar Canon IXUS 185. Irin wannan dole a saya mata batir na biyu. Wasu ana cajinsu kai tsaye da igiyar USB, kamar Sony RX100 da Olympus TG-6, kuma su ne suka fi dacewa da tafiya, tunda fawa bankin da ke ciyar da waya zai ciyar da su. Sai dai a duba bakin igiyar, don wasu kamfanoni sun yi nasu na daban wanda ba a samunsa a teburin mai sayar da caja a Atebubu. Na uku su ne masu cin batirin AA irin na rediyo, kamar Nikon Coolpix A10 da Kodak Pixpro FZ45. Ana raina su, alhali babu ƙauyen da ba a sayar da batirinsu. Sharaɗin kawai shi ne a sayi na alkalin ko masu caji. Batirin tocila mai araha ba ya ɗaukar kyamara ko na minti goma.

Wacce za a saya?

Mai ƙaramin ƙarfi, wanda tafiyarsa ba ta wuce ƙarshen mako a kan kwalta, ya nemi 'yar siririyar kyamara irin Canon IXUS, ko Sony ta jerin W, ko Nikon Coolpix ta jerin A da S. IXUS 185 nauyinta bai kai giram 130 ba, zum ɗinta ninki 8 ne, daga 28 take farawa, kuma ba ta neman ilimi: a kunna, a saita, a danna. Da rana hotonta ba shi da laifi. Da dare kuwa wayar zamani mai kyau ta fi ta, gara a san haka tun kafin a biya.

Mai son dabbobi da tsuntsaye ya dubi jerin TZ na Panasonic Lumix. TZ70, alal misali, tana da zum ninki 30 a jikin da ke shiga aljihun riga, tana kuma da 'yar tagar leƙawa da ido ɗaya, abin da ke ceton mutum idan rana ta kashe allo. Rauninta shi ne dogon idon nan mai hawa-hawa, wanda ƙura ke so. Mai neman hoton da za a wanke a rataye a bango kuwa, Sony RX100 ce tasa. Tun 2012 ta fito da sensa ta inci ɗaya, kuma samfurin farko har yau yana kunyata kyamarori da yawa da suka biyo bayansa. Tana da tsada ko a ta hannu, kuma ba ta son ruwa ko kaɗan.

Idan aka ɗora komai a kan sikeli, wadda ta fi dacewa da doguwar tafiyar keke a ƙasar Ghana ita ce kyamarar da aka rufe ruf don ruwa da ƙura: jerin Tough na Olympus, da WG na Ricoh, da XP na Fujifilm. Idonsu ba ya fitowa waje, a cikin jiki yake motsi, don haka babbar ƙofar da ƙura ke shiga a toshe take. An ƙera TG-6 ta jure nutso har mita 15 da faɗuwa daga tsayin mita 2, kuma megafiksel 12 kacal gare ta. Idan ta yi buɗu-buɗu a hanyar Salaga, a rufe ƙofofinta da kyau a ɗauraye ta a bokiti. Tana kuma ɗaukar abu na kusa ƙwarai, wanda zai yi wa mai zuwa dajin Bobiri kallon malam-buɗe-littafi daɗi. Gaskiya ne sensarta ƙarama ce, zum ɗinta ninki 4 ne, kuma hotonta bai kai na RX100 ba. Amma kyamarar da ba a tsoron fitar da ita cikin yayyafi ko bayan tirela ta wuce ita ce ke dawowa da hotuna. Wanda kuɗinsa bai kai TG-6 ba ya nemi waɗanda suka gabace ta, TG-5 ko TG-4, ko kuma XP ta Fujifilm, wadda ta fi su sauƙin kuɗi.

Ko wacce aka zaɓa, kada a ƙarar da kuɗin duka a kanta. Batir na biyu da katin memori da 'yar jaka suna cikin farashin, ko da mai kanti bai faɗa ba.

Sayen ta hannu

Tunda kamfanoni sun rage ƙera ƙananan kyamarori, yawancin waɗanda za a samu a unguwar Adum ta Kumasi, musamman wajen PZ inda masu waya suke, da kewayen Kejetia, da shafukan intanet na Jiji da Tonaton, na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka. A 'yan shekarun nan kuma matasan duniya sun sake yayin tsofaffin kyamarorin aljihu, abin da ya ɗaga farashinsu, har wasu irin Canon G7 X suka yi tsadar da ba ta dace da mai neman araha ba. Saye ba gwaji a nan kasada ce, kuma kada a tura kuɗi ta waya kafin a riƙe kaya a hannu.

Gwajin ba ya cin minti goma. Mai saye ya tafi da katin memorinsa. Ya kunna kyamara ya kashe sau biyar ko shida yana sauraro: ido mai lafiya yana fita da sauti ɗaya mai santsi, wanda yashi ya shiga kuwa yana ƙara kamar ana niƙa, ko ya ɗan tsaya a hanya kafin ya ƙarasa. Ya ja zum har ƙarshe ya dawo da shi. Sannan ya haska tocilar waya cikin gilashin daga gefe. 'Yar ƙura kaɗan ba komai ba ce, amma idan ya ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo ko farin hazo a ciki, fumfuna ce da laima ta haifar, kuma ba ta fita da shafa.

Daga nan ya fita bakin kanti ya ja zum, ya ɗauki sararin sama ko farin bango, ya buɗe hoton ya duba. Baƙin tabo mai dishi-dishi da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sensa, kuma a ƙaramar kyamara sai an kwance ta gaba ɗaya kafin a kai gare ta. Ya ɗauki rubutun allon wani kanti daga nesa ya ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa, alamar kyamarar ta taɓa faɗuwa. Ya buɗe ƙofar batir: batirin da ya kumbura yakan ƙi zamowa da kansa, farin gari ko kore a kan ƙarfen kuwa alamar ruwa ne. A kyamarar ruwa, robar da ke zagaye da ƙofar ita ce rayuwarta. Idan ta tsage ko ta bushe, sunan kawai ya rage.

Kati ma yana da tarko. Tsofaffin Olympus da Fujifilm suna cin katin xD, tsofaffin Sony kuma Memory Stick, kuma dukansu sun yi wuyar samu. A tsaya a kan mai cin SD. Kyamarorin da suka girmi 2010 da yawa ba sa karanta katin da ya wuce gig 32, amma wannan ba damuwa ba ce, tunda kati mai 32 yana ɗaukar hotuna dubbai. Kati biyu matsakaita sun fi ɗaya babba, saboda in ɗaya ya lalace ba a rasa tafiyar duka ba. Jabun kati ya yi yawa a kasuwa, kuma alamarsa ta farko ita ce arahar da ta wuce hankali.

Inda za ta zauna a kan keke

Kyamarar da aka cusa a ƙasan jakar kariya, ƙarƙashin tufafi da kayan faci, ba za ta ɗauki komai ba, domin babu mai sauka ya kwance igiya saboda garken shanun da ke ƙetare titi. Wurinta shi ne 'yar jaka a kan keke ta gaba, ko jakar ƙugu da aka juyo gaba, inda hannu ɗaya zai kai gare ta da zarar an taka birki an sa ƙafa a ƙasa. A shimfiɗa soso ko tsohuwar safa a ƙasan jakar don ta sha jijjiga, kuma kada a haɗa ta da makulli ko sifana. Aljihun riga ba wurinta ba ne saboda gumi. Igiyar hannu kuwa a zura ta kafin a fitar da kyamara daga jaka, musamman a kan gada ko a cikin jirgin fito na Yeji.

Wadda ba ta ruwa ba ce a ajiye mata leda mai zif, a jefa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Idan ƙura ta hau gilashi, a fara hure ta ko a kaɗe da burushi mai laushi kafin a shafa. Shafa da bakin riga kai tsaye goge gilashin da yashi ne. Ɗaukar hoto ana cikin tuƙi kuma, a titin da manyan motocin Burkina Faso ke bi dare da rana, ba abin gwadawa ba ne.

Kafin ranar tashi, a yi wa kyamara fitar gwaji ta wuni ɗaya. Bosomtwe ta dace da haka: kilomita kusan 30 ce daga Kumasi, akwai gangara mai tsanani zuwa Abono a bakin ruwa, akwai hawa mai fitar da gumi a dawowa, kuma duk abin da zai kwance ko ya maƙale zai nuna kansa tun ana kusa da mai gyara. Babi na gaba zai ɗauko daga nan: lokutan da haske ya fi kyau a hanya, yadda ake neman izinin mutane kafin a ɗauke su hoto a kasuwa ko a ƙofar masallaci, da wuraren da ba a ɗaga kyamara, irin su shingen 'yan sanda da barikin soja.